Sanarwar Rasuwar Inna

Inna ta rasu ranar Talata bayan sallar Asuba, a ɗakinta, a gidanmu na Ƙofar Galadima. Abu ɗaya ta roƙa, kuma sau biyu ta faɗa a gabana: Sailuba ce za ta wanke ta.

Wankan gawa shi ne aikin Inna. Fiye da shekara talatin, in mace ta rasu a unguwarmu ko a ƙauyukan bayan Kufena, ita ake aikawa a kira. Sailuba abokiyar aikinta ce, wata tsohuwa 'yar Kufena. Ɗaya na zuba ruwa, ɗaya na cuɗawa. Tun ina firamare suka yi alkawari cewa duk wadda ta riga tafiya, 'yar'uwar ce za ta wanke ta.

Ni ne babban ɗa. Shekara goma sha ɗaya na yi a Ingila, na dawo ana ce mini Dakta, na kama koyarwa a jami'ar da ke Samaru. Ban taɓa gaya wa kowa ba, a can ko a nan, abin da mahaifiyata take yi.

Wajen ƙarfe bakwai ƙanwata Umaima ta tare ni a tsakar gida. Ita ta yi jinyar Inna wata takwas. Idonta a bushe yake.

"Yaya, wayar ɗan Sailuba a kashe take. Na tura mai babur gidanta, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta sun ce ta fita tsinkar tattasai tun da duku-duku."

"Wace gona?"

"Ba su sani ba. Inda aka kira su nan suke zuwa, yau nan, gobe can. Amma ba ta rabuwa da rediyonta. Ka tura sanarwa yanzu, su karanta ƙarfe takwas da ƙarfe goma. Ka sa Jummai mai wanka. Da wannan sunan ta san Inna."

"To."

"Ka ji ni ko? Jummai mai wanka."

"Na ji."

A zaure an riga an shimfiɗa tabarmi. Baffa Ashiru, ƙanen mahaifinmu, yana zaune a gurbin da Baba yake zama kafin ya rasu. Ya ce an tsayar da jana'iza ƙarfe biyu, bayan Azahar, don mutanen Kaduna da Abuja su iso. Na zauna kusa da shi na fito da waya.

"Rubuta," in ji shi. "Iyalan marigayi Alhaji Sani Bahago na Ƙofar Galadima, tsohon babban magatakarda, suna sanar da rasuwar mahaifiyarsu, Hajiya..." Ya tsaya. Ya dubi rufin zaure. "Mene ne ma sunan nata na yanka?"

"Halimatussa'adiya."

Ni ma a takardun aikin Hajjinta na fara ganin sunan, da na cike mata su.

"Yawwa. Hajiya Halimatussa'adiya. Ta rasu bayan doguwar jinya. Ta bar 'ya'ya biyar da jikoki sha tara. Daga cikinsu akwai Dakta Nasrullahi Sani Bahago na jami'a, da Injiniya Suhail Sani Bahago na Abuja. Ka sa wurin aikin Suhail, kada ya zo ya yi mana fushi."

Na sa. Mata uku gare mu a ɗakinmu, Umaima da yayyenta biyu da ke aure a Kaduna. Baffa bai ambace su ba, ni ma ban tambaya ba. Na koma layin farko, bayan sunan Inna, na ƙara: wadda aka fi sani da Jummai mai wanka.

"Me kake ƙarawa?"

Na karanta masa.

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Mai wankan me? Mota? Haba Dakta. Matar Yaya ce fa. Gidan rediyo ba tsakar gida ba ne." Sai wasu dattawa suka yi sallama, ya miƙe ya tarbe su. Kafin ya juya ya ce, "Kai ne mai ilimi. Ka yi yadda ka ga ya dace."

Bai hana ni ba. Wannan na sha maimaita wa kaina daga baya. Na zauna da wayar a hannu, na tuna shugaban sashenmu, wanda kullum rediyon motarsa a kunne yake. Na tuna ɗalibai. Na ji yadda mai karanta sanarwa zai ja muryarsa ya ce mai wanka, sannan ya ce Dakta Nasrullahi. Na ce a raina, ga Ƙofar Galadima a ciki, ga sunan Baba, ai za ta gane. Na goge kalmomin, na tura.

An karanta ƙarfe takwas. An sake ƙarfe goma. Mun ji a zaure, a rediyon wani maƙwabci. Baffa ya gyaɗa kai. Waya ta fara ƙara babu tsayawa. Mutane suna shigowa, suna durƙusawa, suna cewa ya haƙuri. Yawancinsu, in sun gama addu'a, sai su ɗauko zancen Baba: kirkinsa, rubutunsa mai kyau da hannun hagu, yadda bai taɓa karɓar goro a ofis ba. Game da Inna cewa suke mace ce mai haƙuri. Da yawansu ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Sha ɗaya da rabi Umaima ta sa aka kira ni bakin labulen shiga gida.

"Ba ta zo ba. An karanta kuwa? Mu ba mu kunna ba a ciki."

"An karanta. Sau biyu."

"Mu ga abin da ka tura."

Na miƙa mata wayar. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama, ta sake karantawa.

"Ina Inna a nan?"

"Ga sunanta nan."

"Wannan sunan fasfo ne. Wa ya taɓa kiran ta da shi?"

"Baffa ya ce..."

"Baffa ne ya riƙe wayar?"

Ta sake duban wayar.

"Da Baba ya rasu kai ka rubuto daga can. Kwana uku ana karantawa. Har Bahago ka sa, ka ce in babu shi abokansa ba za su gane ba. Hannun hagun Baba ya samu shiga rediyo."

"Umaima, ba lokacin wannan ba ne."

"Lokacin mene ne? Ga ta can kwance. Sau biyu ina ɗora ruwa yana hucewa." Ta mayar mini da wayar. Ba ta ɗaga murya ba, saboda mata cike da tsakar gida. "Zan jira zuwa ƙarfe ɗaya. In ya wuce, ni da Gwaggo Delu za mu yi. Gwaggo ba ta gani sosai, ni kuma ban taɓa yi ba. Miƙo kaya kawai nake yi."

Na kira gidan rediyon. Suka ce sanarwa ta gaba sai ƙarfe huɗu.

Na ɗauki makullin mota. Baffa ya bi ni da ido.

"Ina za ka, babban ɗa, ana zuwa gaisuwa?"

"Yanzu zan dawo."

"In likkafani ne an kawo. In kabari ne an gama."

"Yanzu zan dawo, Baffa."

Na fita bayan ganuwa na kama hanyar Wusasa. Rabona da Kufena tun muna yara, muna zuwa hawan dutse. Sau uku na tsaya tambaya kafin na sami gidan. Kwaɗon na nan a ƙofa. Wata maƙwabciya mai suna Huseina ta leƙo da hannu duk kumfar wanki.

"Kai ma Iya kake nema? Ɗazu mai babur ya zo. Wa ya rasu?"

"Jummai mai wanka."

Karon farko ke nan da na faɗi sunan da bakina. Matar ta saki zanen da ke hannunta cikin baho, ta yi salati.

"Ita ta wanke mahaifiyata," in ji ta. "Ka gwada gonakin bayan dutse, inda ake ban ruwa. Ka bi hanyar da injin ke ƙara."

Hanyar ba ta mota ba ce. Na bar motar a gindin wata ɗorawa na taka da ƙafa. A gona ta farko maza ne ke feshi. A ta biyu mata ne, amma albasa suke cira, kuma ba su gan ta ba. Agogo ya nuna sha biyu da rabi. Takalmina ya cika da laka. A ta uku na ji muryar rediyo kafin na ga mutane.

Su shida ne, a sunkuye cikin tattasai. Rediyon na rataye a reshen wani ɗan itace. Na gane Sailuba da tsagar fuskarta. Na durƙusa.

"Iya, ina wuni."

Ta miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ta kare ido daga rana.

"Wa nake gani kamar na Turai? Me ya fito da kai tsakar rana da takalmin ofis? Ko tattasan za ka saya mana? Yaya mai jiki?"

"Iya, Inna ta rasu."

Ta yi salati, sauran matan suka amsa. Ta zauna a kan buhu.

"Yaushe?"

"Bayan Asuba."

Ta ɗaga kai ta dubi inda rana take. "Bayan Asuba, sai yanzu?"

"An nemi ki a gida. An kuma sanar a rediyo."

"Rediyona a kunne yake tun da na fito. Mutum uku aka faɗa. Wani ɗan kasuwa a Tudun Wada, da wani direba, da wata Hajiya uwar wani Dakta." Ta tsaya. Ta dube ni daga sama har takalmi. "Kai ne Daktan?"

"Ni ne."

"Na yi mata addu'a kuwa. Na ce Allah ya jiƙan uwar manya, na ci gaba da tsinkata."

"An faɗi sunan Baba."

"Ni ina na san sunan mijinta? Alhaji take cewa, Alhaji muke cewa. Kai ma ban taɓa jin ta kama sunanka ba, ɗan fari. Na Turai ya yi waya, na Turai ya dawo. Da sunan Umaima na ji ma, da tun takwas ina can." Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta. "Ƙarfe nawa aka sa?"

"Biyu."

"Tashi mu je."

Ba ta ɗauki kwandonta ba, ba ta ɗauki rediyon ba. Tana gaba ina biye, tsohuwa mai shekara saba'in, ni ne ke haki. A bakin ramin ban ruwa ta tsuguna, ta ɗebi laka ta cuɗa hannuwanta, ta ɗauraye, ta sake.

"Iya, lokaci."

"Hannuna duk yaji ne. Ba zan taɓa ta da shi ba."

A mota ma ba ta daina ba. Ta sami gorar ruwa a gefen kujera, ta zuge gilashi, ta riƙa zubawa tana murzawa tana shinshinawa. Ƙarfe ɗaya da minti goma muka hau kwalta. Na kira Umaima. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Sailuba ta ce, "Bar ta. In ba ta ɗauka ba, hannunta a jiƙe yake."

Kafin mu fita Wusasa wata babbar mota ta lalace a tsakiyar hanya, babura da kekuna sun cushe ta kowane gefe. Baffa ya kira.

"Kana ina? Liman ya iso. Mutanen Abuja sun iso. Ana tambayar babban ɗa."

"Ina hanya. Baffa, a ɗan jinkirta, na ɗauko mai wanka."

"Wane wanka? An gama, an sa likkafani. Rana ta take, ba a ajiye gawa. Ka zo kawai."

Sailuba ta ji, don muryar Baffa ba ta buƙatar waya. Ta ɗora hannuwanta a cinya, tafi a sama.

Biyu saura minti biyar muka shigo layinmu. Motoci sun cika shi, sai a nesa na tsaya. Muna isa ana fito da makara daga zaure, an rufe ta da koren mayafi. Sailuba ta ja gefe ta jingina da bango, ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska, kamar yadda mata ke yi in maza za su wuce da gawa. Makarar ta wuce gabanta, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Wani ya kama hannuna ya ja ni sahun gaba.

Aka yi salla. Aka kai ta. Ni da Suhail muka shiga kabari muka karɓe ta. Ba ta da nauyi. A hanyar dawowa Malam Jalo, abokin aikina, ya matso ya dafa kafaɗata.

"Allah ya jiƙan Hajiya. A mota na ji. Sanarwar ta yi tsari, Dakta, babu tarkace a ciki."

Na ce na gode.

Bayan La'asar aka ce in shigo ciki. Na tsaya a ƙofar ɗakin Inna, bayan labule. Su biyu ne a ciki. Sailuba na tambaya, Umaima na amsawa.

"Alwala kika fara yi mata?"

"Eh."

"Sannan dama?"

"Dama, sannan hagu."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Kitson fa?"

"Na kwance, na wanke, na yi mata guda uku."

"Kafur?"

"A ruwan ƙarshe."

"Ba ki yaye mata zane ba?"

"A'a, Iya. Ta ƙasa na sa hannu."

"To ya yi. Babu abin da kika bari."

A nan Umaima ta fara kuka, na farko tun safe. Na jira har ya lafa kafin na yi sallama. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa bango, "A mayar da Iya gida."

Sailuba ta ce ba gida ba, gona, kayanta na can. Muka sake bin hanyar. An janye babbar motar. Da muka wuce cocin Wusasa sai na yi mata magana.

"Iya, Umaima ta ce in sa Jummai mai wanka. Na rubuta. Ni na goge da hannuna."

"Ba ta gaya mini ba."

"Ni ne."

"Don me?"

"Kunya na ji."

"Ta me?"

Na ci gaba da tuƙi. Ta juya tana kallon gonaki.

A gindin ɗorawar na tsaya. Na ce zan raka ta, ta ce takalmina ya sha wahala haka nan. Ta yi ta kokawa da marfin ƙofa har na miƙa hannu na buɗe mata. Ta sauka, ta gyara gyale, sannan ta sunkuyo ta taga.

"Na Turai."

"Na'am, Iya."

"Ɗana bai iya rubutu ba. In tawa ta zo suka kawo maka, ni ban je Makka ba, ban haifi Dakta ba. Ka ce Sailuba mai wanka, ta Kufena. Kada ka gyara."

Na ce to.